Tsanin Tseren Mota: Amsar da Muka Nemo wa Wani Uba a Tibati



Ran wata Alhamis bayan sallar la'asar muna zaune a zauren Malam mahaifinmu, nan Tibati, sai ga wani bawan Allah ya yi sallama yana janye da ɗansa a hannu. Mutumin fataucin kifi yake yi, yana saro shi daga bakin tafkin Mbakau. Yaron kuwa bai fi shekara 15 ba, wandonsa a yage, ga ɗanyen rauni a gwiwar hannu. Bayan an gaisa an tambayi iyali, sai uban ya ce: "Allah gafarta Malam, ƙara na kawo. Babur ɗin da nake neman abinci da shi, yaron nan ya mai da shi dokin sukuwa. Da na juya baya sai ya zare makulli, su hau hanyar Ngaundal shi da abokansa suna tsere, har kuɗi suke zubawa, wanda ya riga ya kwashe. Jiya Allah ne kaɗai Ya tsare. Na yi faɗa, na yi duka, amsarsa ɗaya ce, wai shi direban tsere zai zama, irin waɗanda yake kallo a waya. Ina so a gaya mini a gabansa, abin nan halal ne ko haram?"

Malam bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya fara da cewa tsere ba baƙon abu ba ne a Musulunci, domin ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina. Dawakin da aka yi wa horo aka sake su daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil 5 ko 6, waɗanda ba a yi wa horo ba kuma aka ba su gajerar tazara ta kimanin mil ɗaya, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ya ce wa uban ya lura da kyau: akwai wurin tashi da wurin tsayawa, akwai shugaba mai sa ido, sa'an nan ba a haɗa horarren doki da wanda bai sha horo ba. Game da kuɗin da yaran ke zubawa kuwa, ya ce wannan caca ce tsagwaronta, ba ta da wani suna. Hanya kuma haƙƙin jama'a ce, mai ɗauke da itace da mai kora shanu duk suna da rabo a cikinta, ga kuma aya ta 195 a Suratul Baƙara wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka.

Daga nan sai ya juyo gare mu ya ce: "Hukuncin doki da na caca na karanta su a Risala. Yadda ake zama direban tsere kuwa ban karanta shi ko'ina ba. Ku da kuka yi lise, ku je ku binciko mana, domin yaron da aka ce wa 'bari' ba a gaya masa dalili ba, gobe ma zai zare makulli." Abin da ke biye shi ne abin da muka samo, kuma mun ga ya dace mu kawo shi a wannan shafi, ganin cewa ba gida ɗaya ne ke fama da wannan makulli ba, daga Tibati har Garwa.

Matakin farko

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, kusan dukkan manyan direbobin da yaranmu ke kallo ba a kan titi suka koyi sana'arsu ba, kuma ba da babbar mota ba. Sun fara ne da wata 'yar ƙaramar mota da ake kira kat. Ƙarfe ne kawai da tayoyi huɗu da kujera da ɗan inji a gefe, ba rufi, ba ƙofa, mazaunin direba bai fi 'yan yatsu daga ƙasa ba. Ana tuƙa ta a killataccen fili da aka shimfiɗa wa kwalta mai yawan kwana, aka kewaye da tsofaffin tayoyi. Ƙananan yara na farawa da inji mai girman sisi 60, idan sun kai shekara 12 su koma mai sisi 125, wato kwatankwacin girman injin baburan da 'yan acaɓa ke hawa, sai dai an gina shi don gudu, yana wuce kilomita 100 a awa.

A wannan fili kowane abu da dokarsa. Ba a shiga sai da hular kwano da rigar kariya da safar hannu. Akwai jami'ai a kowace kwana riƙe da tutoci: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada kowa ya wuce kowa, ja na nufin an dakatar da tsere, baƙa kuma idan aka nuna wa yaro, to an fitar da shi ke nan, ko da shi ne a gaba. Bayan an gama, ana ɗora mota da direbanta a kan sikeli, idan nauyinsu ya gaza abin da doka ta yanka, nasarar ta tashi a banza. Yaro yakan shafe shekara 6 ko 8 a wannan mataki, kuma mafi yawan abin da yake koyo shi ne inda zai taka birki.

Labarin Lewis Hamilton, ɗan Ingila wanda ya ci kambun duniya na Fomula 1 sau 7 tsakanin 2008 da 2020, ya nuna haka ƙarara. An haife shi a 1985. Mahaifinsa Anthony, wanda iyayensa suka fito daga tsibirin Giranada, ba mai kuɗi ba ne. Ya saya masa kat ta hannu, yaron ya fara tsere a 1993 yana da shekara 8, bisa sharaɗin zai dage da karatu. Uban ya riƙa haɗa ayyuka da dama a lokaci guda don biyan kuɗin taya da mai, kuma shi ne makaniken ɗansa. Idan sun je filin gwaji, sai ya lura da daidai wurin da yaron da ya fi kowa gudu yake taka birki, ya matsa gaba kaɗan ya tsaya, ya ce wa ɗansa nan zai taka nasa. Yaron ya yi ta zamewa yana fita daga hanya har ya iya. Ya zama zakaran yara na Birtaniya a 1995, kamfanin McLaren ya ɗauke shi a 1998 yana da shekara 13, amma bai shiga Fomula 1 ba sai 2007, bayan ya ci kambun Fomula Renault a 2003, na Fomula 3 a 2005, da na GP2 a 2006. Shekara 14 ke nan tsakanin kat ta farko da babbar kujera. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai a wannan labari shi ne uban nan da ke tsaye a bakin kwana. Yaron bai taɓa satar makulli ba, don mai makullin ne yake kai shi fili.

Ɗan 'yar Nijeriya a kan tsani

Wanda ya fi kusa da mu a cikin matasan da suka hau wannan tsani a 'yan shekarun nan shi ne Ugo Ugochukwu. An haife shi a birnin Niyu Yok na Amurka ran 23 ga Afrilu 2007. Mahaifiyarsa, Oluchi Onweagba, 'yar Nijeriya ce da ta tashi a Legas, ta yi suna a duniya wajen tallar tufafi. Mahaifinsa mutumin Italiya ne. Da tutar Amurka yake tsere, amma sunan da ke jikin motarsa sunan ƙasar Ibo ne, shi ya sa makwabtanmu na Nijeriya suke bin labarinsa kamar ɗan gida.

Ya fara kat a Amurka tun yana ƙaramin yaro, sa'an nan aka kai shi Turai inda gasar ta fi zafi. A 2020 ya zama zakaran Turai a ajin yara na kat, ƙarƙashin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA. A 2021 McLaren ta sa shi cikin matasan da take reno, yana da shekara 13, daidai shekarun da Hamilton ke da su lokacin da wannan kamfani ya ɗauke shi. Duk wanda ya ji haka a lokacin zai ce ai magana ta ƙare, saura jiran lokaci.

Mataki na gaba shi ne Fomula 4, ajin da aka buɗe a 2014 don ya zama gada tsakanin kat da manyan motoci. Ba a shigarsa sai an cika shekara 15. Motocin kowace gasa iri ɗaya ne, inji ɗaya, taya ɗaya, don a ga bambancin direbobi ba na aljihun masu ƙera mota ba. Gasar Birtaniya ta 2022 ta buɗe ne a ranar da Ugo ya cika shekara 15 cif, kuma ya shiga tare da ƙungiyar Carlin, ya ƙare shekarar a na uku. A 2023 ya koma ƙungiyar Prema ta Italiya, ya zo na biyu a gasar Fomula 4 ta Italiya, ya kuma ci kambun gasar Euro 4.

Daga nan hawan ya fara tsauri. A 2024 ya shiga gasar yanki ta Turai, wadda ke tsakanin Fomula 4 da Fomula 3, bai ko kusanci kambun ba, alhali abokin ƙungiyarsa, Rafael Câmara ɗan Barazil, shi ya lashe shi da mota irin tasa. A wannan sana'a babu abin da ya fi wannan ciwo, domin idan wanda kuke ɗaki ɗaya ya fi ka, ba ka da inji ko makanike da za ka ɗora wa laifi. Amma a watan Nuwamba na shekarar sai ya je Makawo, a kudancin ƙasar Sin, inda ake rufe titunan gari na kilomita 6 da 'yan kai a yi tsere tsakanin katangu, wurin da kuskure ɗaya ke kai mota ga bango. Ayrton Senna ya ci wannan tsere a 1983, Michael Schumacher ya ci shi a 1990. Ugo ya ci shi yana da shekara 17, ya zama Ba'amurke na farko da ya yi haka tun 1981.

A 2025 ya hau Fomula 3, inda motoci 30 ke tashi tare. Shekarar ba ta yi masa daɗi ba. Câmara ne ya sake ɗaukar kambu, shi kuwa ya ƙare can tsakiyar jadawali. Kafin shekarar ta fita, McLaren ta sanar da cewa sun rabu. Yaron da aka ɗauka yana da shekara 13, aka saki yana da 18. Ba muna cewa tafiyarsa ta ƙare ba ne, matashi ne, kuma gaibu na Allah ne. Abin lura shi ne, wannan yaro ya haɗa duk abin da ake nema: baiwa, iyaye masu hali, fasfo da ke buɗe masa kowace ƙofa, da babban kamfani a bayansa shekara kusan biyar. Duk da haka, a ƙarshen 2025 akwai sauran Fomula 2 tsakaninsa da inda yake so ya kai.

Ƙofar ƙarshe kuma ƙunci gare ta. Ba a tuƙa motar Fomula 1 sai da lasisi na musamman daga FIA. Tun 2016 doka ta ce sai mai shekara 18, ko da yake an yi sassauci a 2024 don hukumar ta iya amincewa da ɗan 17 idan ta ga ya cancanta, kuma sai ya tara maki 40 a cikin shekara uku. Bisa jadawalin da aka yi aiki da shi a 2025, zakaran Fomula 4 maki 12 yake samu, na Fomula 3 maki 30. Kujerun Fomula 1 kuma 20 ne kacal a duk duniya har zuwa 2025, suka zama 22 a 2026, kuma mai kujera ba ya tashi da daɗin rai.

Maganar kuɗi

Nan ne inda lissafinmu ya tsaya cak. Toto Wolff, shugaban ƙungiyar Mercedes, ya ƙiyasta tun a 2015 cewa kai yaro daga kat zuwa bakin ƙofar Fomula 1 na cin kimanin Yuro miliyan 8. Yuro ɗaya sefa 656 ce, wato abin ya haura sefa biliyan 5. A ƙananan matakan nan ba a biyan direba albashi, shi ne yake biyan ƙungiya kuɗin kujera, kuma idan ya farfasa mota, sau da yawa lissafin gyara gidansu ake kai wa.

Akwai labarin mutum biyu da ya haɗu a kujera ɗaya. Rio Haryanto Musulmi ne ɗan Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a wancan lokaci. Ya bi tsanin daki-daki: kat, sa'an nan kambun Fomula BMW na yankin Fasifik a 2009, sa'an nan GP3, sa'an nan shekara huɗu a GP2 inda ya zo na huɗu a 2015. A 2016 ya zama ɗan ƙasarsu na farko da ya shiga Fomula 1, tare da ƙungiyar Manor, kamfanin man fetur na gwamnati, Pertamina, na ɗaukar wani kaso na nauyinsa. Tsere 12 ya yi. Da ragowar kuɗin da aka yi alkawari bai samu ba, sai aka sauke shi a tsakiyar shekara, a watan Agusta. Wanda aka ba kujerar shi ne Esteban Ocon, ɗan wani makanike daga Faransa, wanda iyayensa suka sayar da gidansu da garejin da ke jikinsa, suka koma kwana a motar-gida suna bin filayen kat da shi. Ocon ya ci tseren Hangari a 2021, don haka labarin nasu ya zama abin bayarwa. Muna dai tambayar kanmu iyaye nawa ne suka sayar da gida irin wannan sayarwa, 'ya'yansu ba su kai ba, ba wanda ya rubuta sunansu. Ba mu ga malamin da zai ba uba fatawar ya raba iyalinsa da muhalli a kan irin wannan fata ba.

Ƙurar da ta wuce ta ƙofarmu

Mu a nahiyar nan, rabonmu da tseren Fomula 1 tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Abin da Afirka ta fi sani shi ne tseren daji, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙasa, mota na tashi ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Kenya na da tseren Safari tun 1953, Kodebuwa na da na Bandama tun 1969, kuma waɗannan ƙasashe sun fitar da direbobinsu na gida, saboda akwai ƙungiyoyi da ƙananan gasa da yaro zai fara da su.

Dattawanmu na tuna tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya riƙa ratsa ƙasar Nijar ta Agadas da hamadar Tenere. Sau ɗaya ma ya shigo Kamaru. A ƙarshen 1991 da farkon 1992 an karkata shi zuwa birnin Kap na Afirka ta Kudu, tafiyar sama da kilomita 12,000, ya bi ta Libiya da Dirku da Ngigmi da Injamena da Sar, ya shiga Buwar a Afirka ta Tsakiya, daga can ya ratso gabashin ƙasarmu zuwa Yawunde. Hubert Auriol ne ya ci shi da mota ƙirar Mitsubishi. Sai dai motocin sun wuce, ƙura ta lafa, ba su bar makaranta ko filin koyo ba. 'Yan ƙasa kaɗan ne suka shiga ciki, irin su Mano Dayak, Buzun Agadas wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa. Mafi yawanmu 'yan kallo ne a bakin hanya, kuma 'yan kallon ma sun biya nasu farashin: a 2006 kaɗai motocin tseren sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. An soke tseren 2008 saboda rashin tsaro a Muritaniya, aka mai da shi Kudancin Amurka daga 2009, sa'an nan Saudiyya daga 2020. Larabawa sun yi fice a cikinsa: Nasser Al-Attiyah na Ƙatar ya ci shi sau da dama tun daga 2011, Yazeed Al-Rajhi na Saudiyya ya ci na 2025.

Ko a inda aka tanadi komai, rai na salwanta. Anthoine Hubert ya rasu a tseren Fomula 2 a filin Spa na Beljiyam ran 31 ga Agusta 2019, yana da shekara 22. A wannan fili dai, ran 1 ga Yuli 2023, Dilano van 't Hoff ya rasu yana da shekara 18, a gasar yankin da Ugo ya shiga shekara ɗaya bayan haka. Amma a dubi abin da ya faru da Romain Grosjean a Baharain a Nuwamba 2020: motarsa ta daki shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama wuta, ya yi kusan rabin minti a ciki, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa kawai. Ikon Allah ne, kuma Allah Ya sanya sababi: riga mai jure wuta, da baka na ƙarfe da aka wajabta a saman kan direba tun 2018, da motar likita da ke biye da su ta iso cikin daƙiƙoƙi. Yaron da ke kwance a kan tankin babur a hanyar Ngaundal, da silifas da hular saƙa, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi. A bayan kwanarsa babu mai tuta, sai dai babbar mota ɗauke da katako ko garken shanu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Duk wanda ya saba bin gangaren dutsen nan na tsakanin Ngaundare da Garwa ya ga ragowar ƙarafa a gefen hanya da idonsa.

Komawa zaure

Bayan mako uku uban ya dawo da yaron, muka zayyana musu abin da muka samo a gaban Malam. Ba mu ɓoye wa yaron komai ba. Muka ce masa a shekarun da yake da su yanzu, Hamilton ya riga ya yi shekara 7 yana tsere ƙarƙashin doka, kuma kuɗin shekara ɗaya a Fomula 4 ya fi abin da fataucin kifin babansa zai tara a rayuwa. Ya sunkuyar da kai, can ya ɗago ya ce: "Yaya, ke nan ni ba ni da hanya ko ɗaya?"

Tambayar ta yi mana nauyi, don ba ma son mu yi masa ƙarya, ba ma kuma son mu kashe masa zuciya. Muka ba shi labarin Jann Mardenborough, wani matashi ɗan Birtaniya da iyayensa ba su da kuɗin tsere, wanda a 2011 ya doke mutum kusan 90,000 a gasar wasan kwamfuta da Nissan da PlayStation suka shirya, aka koya masa tuƙin gaske, har ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2013. Muka kuma gaya masa gaskiya cewa mutum ɗaya ne cikin dubbai, kuma an rufe wannan shiri tun 2016. Ƙofar da ta fi faɗi ita ce wadda kyamara ba ta cika nunawa ba. Babbar ƙungiyar Fomula 1 direbobi biyu take sakawa a tsere, amma ɗaruruwan mutane ke mata aiki, injiniyoyi da makanikai da masu walda da masu lissafi. Wannan ilimi kuwa matakinsa na farko yana nan kusa: sashen kanikancin mota a makarantun fasaha na sakandare, daga nan cibiyar fasaha ta Jami'ar Ngaundare. Wanda ya san inji ciki da waje ba zai rasa abinci ba ko a Tibati ko a Duwala, kuma idan wata rana aka shirya tseren daji mai doka da lasisi a yankin nan, shi za a fara nema, ko a bayan sitiyari ko a ƙarƙashin mota.

Malam ya ƙara da magana ɗaya, kuma ga uban ya yi ta. Ya ce: "Alhaji, ka ji mahaifin wancan yaro na Ingila a bakin kwana yake tsayawa. Kai ina kake tsayawa?" Mutumin ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi kullum yana hanya. Malam ya ce to a nemo wanda zai tsaya a madadinsa.

Abin da aka daidaita a kai shi ne: tsere a kan hanya da zuba kuɗi sun ƙare daga ranar. Yaron zai riƙa zuwa garejin wani dattijon makanike, aminin babansa, ran Laraba da yamma da kuma Asabar, muddin sakamakon makaranta bai faɗi ba. Uban ya yi alkawarin sayo hular kwano ta gaske daga Ngaundare, da kuma biya masa makarantar tuƙi idan ya cika shekara 18. Aka shafa fatiha, suka tafi.

A makon jiya mun bi ta garejin. Muka tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, hannu baƙi ƙirin, yana wanke ƙusoshi a cikin gwangwanin fetur. Maigidan nasa ya ce wata guda ke nan bai yarda ya tayar da inji ko sau ɗaya ba, sai ya iya kwance birki ya mayar ba tare da ƙusa ta yi saura ba. Yaron ya ɗauko wani takalmin birki da ya cinye har ƙarfe ya fito, ya nuna mana, ya ce daga babur ɗin ɗaya daga cikin abokan tserensa aka ciro shi, kuma da shi suka yi gudun nan na ranar da ya faɗi. Abokan nasa har yanzu suna fita da yamma, wani lokaci su tsaya a bakin garejin suna murɗa totur don ya ji. Uban kuma bai saki jiki ba tukuna. Ya gaya mana cewa makullin a ƙarƙashin matashinsa yake kwana.